Kebul Ɗin da Ya Tsaya a Bakin Gada

Shekara ashirin da shida na yi ina aiki a gidan waya na Ulmeasa, kuma da wuya a yi safiyar da Anghel Zaharia bai leƙo ta tagata ba. Ofishinsu na tarho da namu gini ɗaya ne, bango kawai ya raba mu. Zai jingine kekensa, ya ɗora jakar fatarsa a kan kanta, ya ce, "Saveta, wa ya mutu, wa ya haihu, tarhon wa ya yi shiru?" Ni ke riƙe da littafin ƙorafi, don haka daga bakina yake jin inda zai nufa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ƙafafunsa sun ɗan gwame saboda hawan falwaya. Yana ɗan shekara ashirin ya fara aikin, zamanin da tarho na gwamnati ne, mutum sai ya yi shekara bakwai yana jira kafin a ja masa layi. A lokacin duk gidan da Anghel ya shiga sai an shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, an yanka masa mamaliga, tuwon masararmu, mai zafi da cuku, an tsiyaya masa ruwan inabin gida. Bai taɓa tsallake da sunan kowa a layin jira ba, ko da kaza ko da rago, kuma saboda haka ne ma aka fi girmama shi. Ya san kowace falwaya tun daga hanyar garin Barlad har ƙarshen kwarinmu. Ya san wadda tururuwa ta cinye cikinta, ya san wadda shamuwa ke sheƙa a kanta. Matarsa Profira takan ce da falwaya na dafa miya da bai yi aure ba.

Ƙauyenmu kashi biyu ne. Akwai Ƙasa, inda kwalta ta bi, nan coci da shaguna da gidana suke. Sai ka haye gadar rafi ka fara hawa, can ne Tudu. Gidan Anghel shi ne na ƙarshe a Tudu, bayansa sai gonar inabi da daji.

Da aka sayar da kamfanin tarho, sababbin masu shi sun sallami mutane da yawa, amma suka riƙe Anghel, don babu taswirar da ta san layukan kamar shi. Suka tura shi kwas na mako biyu, ya dawo yana saka intanet ta cikin tsohuwar wayar jan ƙarfe. Ya zo daidai lokacin da ƙauyen ya fara zubewa. Samari da 'yan mata sun tafi Italiya da Sifen, har da Otilia, 'yarsu tilo, wadda ta sami aikin jinyar wata tsohuwa a Torino. Tsofaffin da aka bari ba su damu da wani intanet ba sai da suka ji cewa ta cikinsa ana ganin fuskar jika. Daga nan kowa ya so.

A kakar shekarar 2011 wani kamfanin kebul ya shigo da motoci biyu. Cikin mako uku suka gama ɗaure baƙar wayarsu a Ƙasa, ni ma na karɓa. Sai suka kafa lema a bakin gada, suka ce idan gida goma sha biyar na Tudu suka sa hannu, za su haye da ita har sama. A lokacin gida ashirin da uku ne ke tashin hayaƙi a Tudu. Su ma masu farantin setilayit suna yawo da tasu takardar.

A makon ne manajan su Anghel ya kira shi Barlad. Ya dawo fuskarsa kamar an ba shi kujerar minista. Ya ce min, "Saveta, za su kafa mana sabon akwati a saman Tudu, da wayar gilashi har cikinsa. Da ƙanƙara ta narke za a fara. Sharaɗin kawai in kawo musu mutanen Tudu su sa hannu na shekara biyu."

Na ce, "Ya rubuta maka?"

"Ya ba ni hannu."

"Anghel, ni takarda nake sayarwa. Ya rubuta?"

Ya yi dariya ya ce na cika zargi kamar 'yar sanda.

Ranar Lahadi bayan an fito daga coci, mutanen Tudu suka tare shi a ƙarƙashin bishiyar goro ta ƙofar shago, kowa da takardun talla uku a hannu. Costache Bulai ne ya fara magana, ya kira shi da Nea, yadda muke girmama babba. Maƙwabcinsa ne, tsohon direban tarakta, 'ya'yansa maza biyu suna aikin gini a Madrid.

"Nea Anghel, mu ba mu gane komai ba. Wannan ya ce shi ne mai gudu, wancan ya ce shi ne mai araha, na ukun ya ce daga sama nasa yake saukowa kamar mala'ika. Kai ka san waya. Faɗa mana."

Anghel ya cire hularsa ya zauna a kan akwatin lemo. Har yau ina iya maimaita abin da ya ce, don ina tsaye a wurin.

"Faranti na kallo ne. In ƙwallo kake so da wasan kwaikwayo, zai ba ka tasha ɗari biyu, ko a tsakiyar daji kake. Amma hadari ya haɗo, hoton ya farfashe. Ƙanƙara ta taru a kansa, sai ka hau rufi da tsintsiya, kai da ciwon gwiwarka. Intanet ɗinsa kuwa, ka ce wa ɗanka ina kwana, sai ka sha ruwa ka ajiye kofi kafin ya ji."

Aka yi dariya.

"Kebul, ba zan yi muku ƙarya ba, yana da gudu. Ya fi nawa gudu a yau. Amma waya ɗaya ce ta ratsa unguwa, kowa na sha daga cikinta, da yamma in kowa ya kunna sai ta ja baya. Kuma ranar da ta tsinke, wata lamba za ku kira a Bukares, wata yarinya ta sa muku kiɗa a kunne."

"To naka fa?"

"Nawa, layinka naka ne kai kaɗai, daga akwati har ɗakinka. Ciwonsa ɗaya ne, nisa. Yanzu akwatin yana gidan waya, kafin abin ya hau Tudu ya gaji. Amma da ƙanƙara ta narke za a kafa sabo a bayan gidan Costache. Daga ranar, ko 'yan Ƙasa sai sun yi mana hassada."

Wata tsohuwa ta ce, "In ya lalace wa za mu kira?"

Ya buga ƙirji. "Ni. Ki leƙo ta katanga ki kira ni."

Wannan kalmar ce ta gama magana. Gida goma sha tara suka sa masa hannu. Masu kebul suka sami huɗu, suka jira mako guda, suka naɗe lemarsu. Wayarsu ta tsaya a falwayar ƙarshe kafin gada, an nannaɗe ragowarta an ɗaure a sama.

Ƙanƙara ta narke, babu akwati. Anghel ya je Barlad aka ce a jira kasafin rani. Rani ya wuce. Da ya koma a kaka sai ya tarar an ɗauke manajan, wani sabo ne a kujerar, wanda ko zama bai ce masa ya yi ba.

"Wane akwati, Domnu Zaharia?"

"Na Tudu. An yi min alkawari."

Mutumin ya duba kwamfuta ya ce babu wannan a tsari, kuma bai taɓa kasancewa ba. Unguwa mai gida ashirin ba a kai mata wayar gilashi. Kafin Kirsimeti kamfanin ya miƙa aikin gyara ga 'yan kwangila, aka ba Anghel takardar yabo a cikin firam, aka ce ya huta. Yana da shekara sittin, arba'in daga ciki a kan falwaya.

Mutanen Tudu suka zauna ɗaure da yarjejeniyar shekara biyu. Fuskar 'ya'yansu takan bayyana a allo, ta buɗe baki, ta daskare a haka. Murya ta zo a gutsuttsure. Wata ta ce min ta yi wata shida ba ta san ko jikanta na da haƙora ba. Sai suka sa masa suna. In ya shigo shago sayen burodi, wani zai ɗaga murya: "A ba Nea Akwati hanya!" Costache ya fi kowa. "Maƙwabci, na share bayan gida fa, na ma zuba ruwa. Yaushe baƙon namu zai iso?"

Bai taɓa mayar musu ba. Abin da ya yi shi ne ya ci gaba da gyara. 'Yan kwangila sai su yi kwana goma ba su zo ba, shi kuwa da an leƙo ta katanga zai ɗauki ƙarafan hawansa. Babu mai biyansa, da yawa ma ba sa ce masa sannu, don a ganinsu laifinsa yake wankewa. Shi ma haka ya ɗauka. Profira ce kaɗai ke faɗa. Ta ce masa a gabana, "Kai mutumin nan, sun jefar da kai kamar tsohon takalmi, kana nan kana lasar musu waya. Ranar da ka faɗo, kamfani ne zai ɗauke ka ko Costache?"

Ya ce, "Ni na ce su kira ni, tsohuwa."

Da shekara biyun suka cika, wasu suka sa faranti don su sami abin kallo, suka haƙura da ganin 'ya'ya. Wasu 'ya'yan suka kwashe su. Wasu muka raka su maƙabarta. Sai a damina ta 2015 ɓarayin jan ƙarfe suka yanke wayar tarho tun daga gada har tsakiyar Tudu. Anghel ya bi falwayoyin ɗaya bayan ɗaya yana duban guntayen da suka bari suna lilo. Ya ce min ko yankan ba su iya ba. Bayan wata guda wasiƙa ta zo wa kowane gida: kamfani ba zai mayar da layin yankin ba, ana ba abokan hulɗa shawara su koma wayar hannu. Wanda ya rubuta bai taɓa zuwa kwarinmu ba. A Tudu wayar hannu ba ta kamawa sai ka hau can saman maƙabarta, kusa da babban gicciye, ka juya wa iska baya.

A farkon shekara ta gaba Profira ta faɗi a wurin ba kaji hatsi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Asibiti suka riƙe ta mako uku suka sallamo ta, ba ta tashi, maganarta a hankali, amma hankalinta garau. Otilia ta zo ta yi kwana tara. Fiye da haka iyalin tsohuwar da take jinya za su ɗauki wata, ga 'yarta ƙarama a makaranta a can, mijin kuma ya daɗe da kama gabansa. Ranar da za ta koma na ji ta a tsakar gida tana ce wa ubanta, "Tata, ina wanke uwar wasu ina juya ta sau huɗu a rana, tawa tana nan. Ka nemo hanyar da zan riƙa ganinta, ko ta halin ƙaƙa."

Washegari Anghel ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya shiga motar Barlad, ya je ofishin masu kebul. Wata yarinya mai fara'a ta duba taswira ta ce daga gada zuwa gidansa mita ɗari bakwai ne, ba sa ja wa gida ɗaya. Ka'idar tana nan yadda take, gida goma sha biyar. Ya dawo ya bi Tudu ƙofa ƙofa da takarda. Gidajen da ke da rai a lokacin goma sha ɗaya ne. Takwas suka sa hannu. Costache ya karanta takardar har ƙasa, ya miƙa masa abarsa.

"Na taɓa sa maka hannu sau ɗaya."

"Costache, ba don ni ba. Ka san halin da take ciki."

"Na sani. Ita zan kai wa miya, matata ta dafa. Amma hannuna ba zai sake hawa takardar da ka riƙo ba. Uwar 'ya'yana ta yi shekara biyar tana magana da hoton da ba ya motsi. Lokacin da mutanen nan suka zo da ƙafarsu har bakin gada, wa ya kore su?"

Anghel ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ko da Costache ya sa, ba za su kai ba, dukansu sun sani.

Ya tambayi masu faranti. Suka ce na kallo suke sakawa yanzu, na intanet sai an yi oda daga wani wuri, kuma kuɗinsa na wata ya kusa rabin fanshonsa, ga magungunan Profira. Ya bar maganar.

Wata safiya sai ga shi a ƙofata da jakar fatar nan. Ni ma na yi ritaya a lokacin. Gidana ne na biyu kafin gada. Bai zauna ba, bai karɓi kofi ba.

"Saveta, zan roƙe ki abin da bai halatta ba."

Yana da ragowar wayar tarho a rumbunsa, wadda ya tsince bayan ɓarayi da wadda ya ajiye tun da. Ya sayo wasu ƙananan na'urori biyu a kasuwar 'yan gwanjo. Ɗaya za ta zauna a bayan talabijin ɗina ta ɗebi intanet daga kebul ɗina, ɗaya a ɗakin Profira, waya ta haɗa su. Ya ce in aka gane za su iya yanke nawa.

Na ce, "Ni da wa nake magana a ciki? Ɗana sau ɗaya yake kira a wata. Hau ka ɗaura."

Kwana uku ya yi yana aikin, shi kaɗai, da rana tsaka, kowa na gani. Mutum mai shekara sittin da huɗu, falwaya goma sha takwas. Ina tsaye a gada ina kallonsa yana hawa, yana kaiwa sama sai ya rungume itacen ya huta kafin ya ɗaga hannu. A rana ta uku da la'asar ya aiko a kira ni. Na tarar ya jingina Profira da matasai, ya ɗaure mata sabon ɗankwali, ya ɗora allon a kan kujera. Sai ga Otilia, tana motsi, tana magana, bakinta da muryarta a tare. Yarinyar ta leƙo ta bayanta tana nuna wa kakarta gibin haƙorinta. Profira ta ɗaga hannun hagu ta shafa allon. Abin da ta fara cewa shi ne, "Kin rame. Ba sa ba ki abinci ne?"

Kwana goma sha tara aka yi haka. Kullum da ƙarfe biyu, in tsohuwar Torino ta yi barcin rana, Otilia za ta kira. Wani lokaci ba sa ma magana, ita tana guga a can, uwar tana kallonta tana gyara mata yadda ake ninke riga.

A cikin kwanakin Costache ya je ya same shi. Ya ce tunda waya ta wuce ta ƙofarsa, a ja masa reshe. Anghel ya ce ba za ta ɗauki gida biyu ba, tsohuwar waya ce mai ɗauri goma sha, da ƙyar take kai ɗaya. Ya ce ƙofarsa a buɗe take, su zo shi da matarsa kowace rana su kira Madrid daga ɗakinsa. Gaskiya ya faɗa, amma Costache bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa sosai a nan ba, ya riga ya taɓa jin bayani mai daɗi daga bakin nan. Ya ce, "Wato mu ka bar mu a duhu, kai ka kunna wa kanka fitila."

Ban ga wanda ya kai ƙara ba, don haka ba zan rantse ba. Abin da na gani shi ne farar mota a bakin gada ranar wata Talata, da mutum biyu da tsani. Suka nuna min takarda cewa na saɓa yarjejeniya, wannan gargaɗi ne na farko kuma na ƙarshe. Sannan suka bi falwayoyin suna yankewa. Anghel ya sauko ya tsaya yana kallo, hannayensa a baya. Babban cikinsu ya san shi, sun taɓa aiki tare kafin a sayar da kamfanin tarho. Ya kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Nea Anghel, an turo mu ne. In ban kai hoto ba ni za a kora."

Anghel ya ce, "Yi aikinka. Amma kar ka bar ta tana lilo a kan hanya, keken doki na wucewa."

Suka naɗe wayar suka tafi da ita.

Daga ranar ya koma abin da ni na yi shekaru ina yi, kai saƙo da kawowa. Da safe in ya wanke ta ya ba ta abinci, sai ya riƙe mata wayar hannu a baki ta yi magana, ya ɗauki hotonta. Ya kulle ƙofa, ya hau saman maƙabarta, tafiyar minti ashirin da biyar ga mai ƙafa lafiya. Ya tsaya a gindin gicciye har saƙon ya tafi, ya jira na Otilia ya sauko, ya dawo ya kunna mata. Ta saurara sau uku, sau huɗu. In ta tuna wani abu da ba ta faɗa ba, sai ya sake hawa da yamma. Ya yi haka cikin zafin Agusta, ya yi cikin taɓon kaka. Ta tagar Costache ake ganin hanyar gaba ɗaya. Matarsa ta ci gaba da kai miya, shi bai ƙara taka gidan ba.

Wata rana na je dubiya, Profira ta kama hannuna ta ce, a hankali yadda take iya magana, "Saveta, ba na jin haushinsa. Amma ki faɗa min, mutumin da ya sa wa kwari guda waya, a ce matarsa sai dai a kai muryarta maƙabarta tun ba ta mutu ba?" Yana tsaye a bakin ƙofa da kwanon ruwa. Ya ji. Ya ajiye kwanon ya fita wajen kaji.

Ta rasu a watan Nuwamba, da hantsi, yana kan hanyar saukowa da saƙon ranar. Matar Costache ce ke zaune da ita. Otilia ta iso ana gobe jana'iza. Bayan an rufe kabari an raba koliva, dafaffiyar alkamar sadakar mamaci, wayoyin mutane suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya a aljihu, don wurin ne kaɗai sabis yake. Wasu suka matsa gefe suna amsa kiran 'ya'yansu. Otilia ta dube su, ta dubi ubanta. Kwana huɗu ta yi ta koma.

Bayan shekara ɗaya da rabi wani ɗan kasuwa daga Yash ya sayi kangaye uku a ƙarshen Tudu, ya gyara su don masu zuwa hutu daga birni. Baƙinsa ba sa kwana inda babu intanet. Ban san da wa ya yi magana ba, amma ba a nemi sa hannun kowa ba. Cikin kwana biyu aka kwance ragowar nan da ke ɗaure a bakin gada, aka haye da sabuwar waya, ta gilashi ma, ta bi falwayoyin nan goma sha takwas, ta wuce ta saman ƙofar Anghel.

Sai ga wata mai talla da jaka da takardu masu ƙyalli tana bin gidajen da suka rage, bakwai a lokacin. Ina gidansa na kai masa cuku ta shigo. Yarinya ce mai ladabi, ba ta san kowa ba. Ta ce, "Kaka, bari in yi maka bayani a sauƙaƙe. Hanya uku ce ake samun talabijin da intanet a gida. Akwai ta faranti, akwai ta tsohon layin tarho, wannan kam ya mutu, ba wanda ya ci amfaninsa a irin ƙauyukan nan, sannan akwai tamu." Ta zana masa a bayan takarda, da kibiyoyi. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga min hannu. Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ko sau ɗaya ba. Sannan ya tambaye ta inda zai sa hannu.

Yanzu Otilia na kira ranar Lahadi. Hoton tas, har furfurar da ta fara fito mata ana gani. Jikar ta girma, Italiyanci ya fi mata sauƙi, takan ɗaga hannu ta gaishe shi ta wuce. Uba da 'ya sukan yi maganar yanayi da maganin hawan jini, minti biyar, shida, sai ɗaya ya ce to. Ba ta taɓa ce masa laifinsa ne ba. Ya ce min da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta ce ya koma wurinta, ya ce wa zai kula da kabari. Shi da Costache suna gaisawa da ka in sun haɗu a hanya, iyakarta ke nan. Babu mai ce masa Nea Akwati kuma, yawancin masu faɗar ba sa nan.

A watan jiya ina zaune a kicin ɗinsa wayarsa ta yi ƙara. Daga kamfanin kebul ne, suna tambayar abokan hulɗa. Ya sa a lasifika don kunnensa ya yi nauyi. Muryar ta ce daga ɗaya zuwa goma, maki nawa zai ba su, kuma zai shawarci maƙwabtansa su karɓa?

Ya ce, "Goma."

"Mun gode, Domnu Zaharia. Shawarar fa?"

"Ba na ba da shawara."

Da ya kashe na ce, "Goma, Anghel? Su?"

Ya ɗaga kafaɗa. "To me zan ce? Yana aiki. Na bi ɗaurin nasu na duba tun daga gada, babu wanda zan gyara." Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki kwanon hatsi, ya ce in ja masa ƙofa in zan tafi.